Masu Rabon Faɗa a Birnin Bairut

Duk wanda ya taɓa shiga tsakanin mutum biyu suna faɗa ya san abu guda. Muddin yana ture wannan yana ture wancan daidai wa daida, ba mai kai masa naushi sai bisa kuskure. Amma ran da ya riƙe hannun ɗaya ya bar ɗayan sake, to, ya tashi daga mai rabo ya koma abokin faɗa, ko ya sani ko bai sani ba. Wanda aka riƙe wa hannu kuwa ba ya tsayawa tambayar niyyarsa. Wannan magana ce na ke so mu duba tare, kai mai karatu, cikin labarin wani abu da ya auku a Bairut, babban birnin ƙasar Labanan, ran Lahadi 23 ga Oktoba, 1983. A safiyar nan mutum biyu suka tuƙa motoci cike da nakiya, suka afka wa gidaje biyu inda sojan Amurka da na Faransa ke kwana. Soja 299 suka halaka kafin hantsi ya fito.

Irin wannan aiki mu Hausawa muna da sunansa tun da daɗewa, watau ƙunar baƙin wake. Tsofaffi sun ce Baƙin Wake wani mutum ne da ya ga ba makawa wuta za ta ci shi, sai ya rungumi ɗan sarki suka ƙone tare. A da, in an faɗi wannan magana, karin magana ne kurum. Ba wanda ya zaci za a wayi gari ta zama labarin da a ke ji ko wace safiya a rediyo.

Mutanen Labanan ba baƙinmu ba ne. Su ne mu ke kira Kwara, kuma sunansu ne babbar kasuwar yadi ta Kano, Kantin Kwari, ta ke amsawa har yanzu. Tun ina yaro na ke ganinsu bayan kanta, da almakashi da ma'aunin yadi, suna ciniki da Hausa tsantsa, waɗansunsu ma a nan aka haife su. Mun san su da neman kuɗi da haƙurin zama da mutane. Don haka sa'ad da aka fara jin ƙasarsu ta kama da wuta, mutane da yawa a nan sun yi mamaki, suna cewa, yaya mutanen da ba su san kome ba sai awon atamfa za su ɗauki bindiga?

Ƙasar tasu 'yar ƙarama ce, girmanta bai fi rabin Jihar Kano ta yanzu ba sai da kaɗan. Tana bakin Bahar Rum, Siriya ta kewaye ta gabas da arewa, Isra'ila tana kudu. Amma duk da ƙanƙantarta, addinai da ɗariƙu sun yi mata yawa. Akwai Kirista iri iri, mafi ƙarfinsu su ne 'yan ɗariƙar Maruni. Akwai Musulmi 'yan Sunni da 'yan Shi'a. Akwai kuma waɗansu mutanen duwatsu da a ke kira Duruz, masu addininsu na kansu. Da Faransa za ta bar musu mulki cikin 1943, manyansu suka zauna suka raba muƙamai. Suka ce Shugaban Ƙasa ya zama Bamarune, Firayim Minista ɗan Sunni, Shugaban Majalisa ɗan Shi'a. A cikin Majalisa kuwa, duk inda Kirista suka sami kujera 6, Musulmi su sami 5. An yi wannan rabo ne bisa ƙidayar mutane ta 1932. Shekaru suka yi ta wucewa, yawan jama'a ya sāke, amma aka ƙi sake ƙirga, don ko wane ɓangare yana tsoron abin da lissafi zai nuna. Mu da muka ga rigimar ƙidaya a ƙasarmu ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan.

Ana nan kuma ga Falasɗinawa 'yan gudun hijira, waɗanda suka shigo tun 1948, daga baya mayaƙansu suka biyo su, suna kai wa Isra'ila hari daga kudancin ƙasar. Cikin Afrilu 1975 wuta ta tashi. Ko wace jama'a ta kafa rundunarta, birnin Bairut ya rabu biyu, gabas ta Kirista, yamma mafi yawa Musulmi. Siriya ta shigo da sojanta cikin 1976. Cikin Yuni 1982 Isra'ila ta ƙetaro iyaka da dukan ƙarfinta, ta zo har Bairut ta kewaye yammacin birnin, ta yi ta ruwan wuta wata biyu da ɗoriya, don ta kori Yasir Arafat da mayaƙansa.

A nan ne baƙin sojan da na ke magana suka shigo labari. Jakadan Amurka, Philip Habib, ya shirya sulhu cewa mayaƙan Falasɗinawa su fita da makamansu na hannu su bar ƙasar, a bar matansu da 'ya'yansu da tsofaffinsu cikin amana. Amurka da Faransa da Italiya suka aiko soja don su tsaya a fita lafiya. Aka kuwa fita lafiya cikin Agusta, baƙin sojan suka tattara kayansu suka koma tun wa'adinsu bai cika ba. Ba su yi mako guda da tafiya ba, ran 14 ga Satumba, aka kashe Bashir Jumayyil, shugaban rundunar Kirista wanda aka zaɓa ya zama Shugaban Ƙasa. Bayan kwana biyu mayaƙan Kirista suka shiga unguwannin Sabra da Shatila, inda iyalan Falasɗinawa su ke, alhali sojan Isra'ila suna riƙe da hanyoyin shiga. Daga ran 16 zuwa ran 18 ga wata aka yi ta yankan mutane. Masu ƙanƙanta lissafi sun ce an kashe 700 ko 800, waɗansu sun ce abin ya kai 3,000.

Kunya ta kama ƙasashen nan uku, don an ci amanar da su suka tsaya mata. Kafin watan ya ƙare suka komo da sojansu, daga baya Ingila ta ƙara musu da mutum wajen 100. To, a nan ne na ke ganin aka fara kuskure. Zuwan farko aikin a fili ya ke: a raka mutane bakin jirgi, in sun tafi an gama. Zuwa na biyu kuwa ba wanda ya iya faɗin ranar gamawa, ko abin da za a gani a ce an gama. An ce musu dai su zauna a gan su, wai ganinsu zai kwantar wa mutane da hankali, ya ƙarfafa Gwamnatin Labanan. Amma wace Gwamnati? Sabon Shugaban Ƙasa, Amin Jumayyil, wan Bashir ne, gidansu ne ya kafa jam'iyyar da mayaƙanta suka shiga Sabra da Shatila. A takarda shi ne shugaban kowa. A idon Duruz da 'yan Shi'a da yawa kuwa, shi ma ɗaya ne daga cikin masu faɗan.

Akwai wani maƙwabcina tsohon soja, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi aiki a kudancin Labanan, don Nijeriya ta ba da bataliya cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke can daga 1978 zuwa farkon 1983. In muna hira bayan sallar Isha ya kan ce abin da ya fi tsare su ba bindiga ba ne, shuɗiyar hular da ke kansu ce, da kuma sanin da mutanen ƙauye suka yi cewa Nijeriya ba ta neman kome a ƙasarsu. Ya ce in ka tsaya a shinge ka tsai da motar wannan ka caje ta, wajibi ne ka caje ta wancan, ko da kuwa jiya ya kawo maka lemo da burodi. Da zarar an ga ka ɗaga wa wani hannu ya wuce, labari zai riga ka isa bariki. Duk da haka su ma an kashe musu mutane. Sojan da suka zauna a Bairut kuwa ba na Majalisar Ɗinkin Duniya ba ne, ba su da shuɗiyar hula. Ko wace runduna tana ƙarƙashin tutar ƙasarta, tana karɓar umurni daga gida. Amurka kowa ya san ita ce babbar aminiyar Isra'ila. Faransa ita ta yi mulkin ƙasar, kuma tsohuwar majiɓinciyar Maruni ce, ga shi a lokacin tana sayar wa Iraƙi makamai a yaƙin da ta ke yi da Iran. Watau tun ba su yi kome ba sun zo da kaya a kansu.

Da fari dai abin ya yi kyau. Sojan Amurka, irin waɗanda a ke kira Marin, watau sojan da jirgin ruwa ke kaiwa gaɓa su sauka su yi yaƙi a tudu, suka yi sansani a filin jirgin sama, kudu da birni. Wurin fili ne shimfiɗaɗɗe, teku tana yamma, duwatsun Duruz suna gabas suna leƙensa, unguwannin talakawan Shi'a suna manne da shi. Soja mai shirin yaƙi ba zai zaɓi irin wannan wuri ba, amma su ba da shirin yaƙi suka zo ba. Suna zaga unguwanni, yara suna ɗaga musu hannu. Sai dai a cikin watannin nan ne kuma hafsoshin Amurka suka shiga horad da sojan Gwamnatin Labanan, suna ba su tankoki da harsashi. Cikin Mayu 1983 Amurka ta shirya wata yarjejeniya tsakanin Gwamnatin da Isra'ila, wadda Siriya da abokanta na cikin ƙasar suka ƙi ƙememe.

An kuwa yi musu gargaɗi, gargaɗi mai tsanani. Ran 18 ga Afrilu 1983 wani ya tuƙa mota cike da nakiya ya shiga ofishin jakadancin Amurka da ke Bairut, mutum 63 suka mutu, 17 daga cikinsu Amurkawa. Duk wanda ya ga wannan ya ga irin makamin da ke hannun abokan gaba, ya kuma ga yadda a ke aiki da shi.

Abin da ya ƙarasa ɓata al'amari ya faru cikin Satumba. Isra'ila ta janye sojanta daga duwatsun Shuf, nan da nan Duruz, mutanen Walid Jumbulat, da mayaƙan Kirista suka kaure da yaƙi a kan wa zai gaji wurin. Duruz, da taimakon Siriya, suka yi rinjaye, suka matso wani gari a kan tudu mai suna Suƙul Garbi, wanda ke kallon fadar Shugaban Ƙasa. Sojan Gwamnati ne ke riƙe da garin, suka aika cewa an kusa cinye su. Wakilin Shugaba Reagan da ke can, Robert McFarlane, ya matsa a taimake su da igwar jiragen ruwa. Kwamandan Marin, Kanar Timothy Geraghty, ya yi gardama, don ya san mutanensa ne ke zaune a fili ƙarƙashin duwatsun. Ba a ji maganarsa ba. Ran 19 ga Satumba jiragen yaƙin Amurka suka harba igwa fiye da sau 300 a kan duwatsun nan. Bayan 'yan kwanaki jiragen saman Faransa su ma suka kai nasu hari. Daga baya Kanar ɗin ya sha faɗi cewa a ranar nan ce suka rasa matsayinsu na 'yan ba ruwanmu.

Ka duba wannan da kyau, mai karatu. Wanda ya ba da umurnin harbi yana ganin ya taimaki halattacciyar Gwamnati ne. Mutumin ƙauyen da harsashin igwa ya faɗo kusa da gidansa kuwa bai san wata halattacciyar Gwamnati ba. Abin da ya sani, baƙon da ya ce rabo ya zo yi ya riƙe masa hannu ana dukansa. Babban abin takaici shi ne, bayan an yi wannan harbi ba a sāke wa sojan da ke filin jirgin sama zama ba. An mai da su abokan faɗa, an kuma bar su suna kwana irin kwanan baƙi.

Gidan da mafi yawansu ke kwana bene ne mai hawa huɗu, na kankare, ƙaƙƙarfa. Ƙarfinsa ne ma ya sa aka tara su ciki, don harsashin igwa da na maharba da ke zuwa daga duwatsu ba ya huda shi. Mutum wajen 350 ke ciki a daren. Ran Lahadi ce, ranar da a ke bari su ɗan ƙara barci. Da ƙarfe 6 da minti 22 na safe wata babbar mota rawaya, ƙirar Mercedes, ta shigo filin ajiye motoci da ke gaban gidan. Ba wanda ya damu da ita, don manyan motoci suna ta kai da kawowa a filin jirgin sama kullum. Ta kewaya, sa'an nan direban ya taka ta da ƙarfi, ya tattake waya mai ƙaya, ya bi ta tsakanin santiri biyu, ya shige ta ƙofar da ke buɗe, ya banke ɗakin sajan mai gadi, ya tsaya a tsakiyar gidan. Santirin nan kuwa, bisa dokar da aka ba su, bindigoginsu ba a ɗure su ke ba, harsashi yana jaka. Kafin mutum ya ciro ya ɗura, mota ta wuce. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya ga fuskar direban, yana murmushi.

Masu bincike sun ƙiyasta ƙarfin abin da ya fashe daidai da nakiya tan 5 da ɗoriya, watau nauyin buhun siminti fiye da 100, an kuma jera tukwanen gas kewaye da ita don ƙarin ƙarfi. Gidan ya ɗaga sama daga kan ginshiƙansa, sa'an nan ya rufto a kan na ciki. Amurkawa 241 suka mutu: Marin 220, sojan ruwa 18, sojan ƙasa 3. Tun yaƙin tsibirin Iwo Jima cikin 1945 rundunar Marin ba ta yi hasarar mutane haka a rana ɗaya ba.

Sojan Faransa, 'yan laima, suna wani dogon bene da suka sa wa suna Drakkar, 'yan mil kaɗan daga nan. Sun ji ƙarar, waɗansu sun fito baranda suna kallon hayaƙin da ya tashi wajen filin jirgin sama. Ba a yi minti nawa ba nasu gidan ya tashi. Mutum 58 suka mutu, hasarar da Faransa ba ta ga irinta ba tun ƙarshen yaƙin Aljeriya.

Aka shiga tono, da hannu da shebur, kafin wani kamfanin gine-gine na Labanan ya kawo katafila da injin ɗaga kaya. Sojan Italiya da mutanen gari suka zo taimako. Ana tono ana harbin masu tonon daga ɓoye. A gidan Amurkawa, wanda aka ciro da rai na ƙarshe an ciro shi ne wajen tsakar rana, bayan wannan sai gawa, kwana da kwanaki. Mafi yawan waɗanda suka mutu samari ne, da yawa ba su wuce shekara ashirin ba sai da kaɗan. Ba su suka zaɓi filin jirgin sama ba, ba su suka ce a harba igwa ba, waɗansunsu da ƙyar in sun san bambancin Baduruze da Bamarune.

Akwai kuma waɗansu mutum shida da ba a cika ambatonsu ba in ana ba da labarin nan, ni kuwa su ne suka fi tsaya mini a rai. Ɗaya wani tsoho ne ɗan ƙasar, mai ɗan shago a gefen gidan Amurkawa, yana sayar musu da 'yan kayan masarufi, a nan kuma ya ke kwana. Sauran biyar ɗin, matar mai gadin gidan Faransawa ce da 'ya'yanta huɗu. Waɗannan ba su zo daga ƙetare ba, ba su da tuta, ba su da igwa. Ko wane bariki a duniya yana da irinsu: mai shara, mai wanki, mai shayi, mai kawo ruwa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki a Kaduna ko Zariya ya san su. Wanda ya tuƙo motar ya ce baƙi ya zo kashewa, amma nakiya ba ta tambayar takardar shaida.

Wa ya aikata? Wata ƙungiya da ba a san ta sosai ba a lokacin, mai kiran kanta Jihadul Islami, ta buga waya ta ce ita ce. Amurka da Faransa suka ɗora laifin a kan mayaƙan Shi'a da ke samun horo daga dakarun Iran a garin Ba'alabak, waɗanda suka bayyana kansu a fili cikin 1985 da sunan Hizbullah. Cikin 2003 wata kotun Amurka ta yanke hukunci cewa da umurnin Iran aka yi. Iran da Hizbullah sun musa. Ni dai abin da zan ce game da aikin kansa gajere ne. Na faɗi laifin waɗanda suka aiko sojan ba tare da sanin abin da za su yi ba, kuma ban janye ba. Amma bayyana dalilin abu daban ya ke da wanke shi. Malaman da suka karantad da mu sun ce rai amana ne, ba a ba mutum ikon kashe kansa ba, balle ya haɗa da mace da 'ya'yanta suna barci. Kuma na lura, manyan da ke shirya irin wannan aiki ba su kan shiga motar da kansu ba, ɗan wani su ke sawa.

Shugaban Faransa, Mitterrand, ya sauka Bairut washegari. Mataimakin Shugaban Amurka, George Bush, ya zo bayan kwana uku. Dukansu suka ce ba za a razana su su gudu ba. Amurka ta naɗa kwamitin bincike ƙarƙashin wani babban hafsan sojan ruwa, Robert Long. Cikin Disamba kwamitin ya ba da rahoto, ya ga laifin tara mutane da yawa a gida ɗaya, da rashin shinge mai ƙarfi, da dokar da ta bar santiri da bindiga ba harsashi. Ya kuma ce halin da a ke ciki ya sāke tun da daɗewa, amma manya ba su sāke umurni ba. Reagan ya fito ya ce laifin a wuyansa ya ke, kada a hukunta hafsoshin da ke wurin. Maganar ta yi daɗin ji, amma kuma da ita aka rufe bakin masu tambaya.

Abin da ke ƙara tabbatar mini da ra'ayina shi ne labarin Italiyawa. Sojansu sun kai 2,000, ba su gaza na Amurka yawa ba. An ba su wuri mafi zafi, watau unguwannin Falasɗinawa, har da Sabra da Shatila. Kwamandansu, Janar Franco Angioni, ya sa aka koya wa sojansa tarihin ƙasar da bambancin jama'arta. Suka buɗe asibiti suna duba kowa kyauta, ba a tambayar mutum addininsa. Ba su horad da rundunar kowa ba, ba su harba igwa a kan duwatsun kowa ba. An kai musu hari su ma, an ji wa waɗansu rauni, amma har suka tashi mutum ɗaya tak aka kashe musu. Wani zai ce ai Italiya ba ta da abokan gaba irin na Amurka, ba kuma wanda zai sami suna don ya kore ta. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma unguwannin da suka zauna cike su ke da mutanen da aka kashe wa iyaye da 'ya'ya, masu neman wanda za su huce a kansa, ba su kuwa huce a kan Italiyawa ba.

Bayan harin sai ramuwa. Cikin Nuwamba jiragen Faransa suka jefa bam kusa da Ba'alabak. Cikin Disamba jiragen Amurka suka kai wa sojan Siriya hari, aka harbo biyu daga cikinsu. Wani ƙaton jirgin ruwa mai suna New Jersey, wanda harsashinsa guda ya kai nauyin ƙaramar mota, ya yi ta aman wuta a kan duwatsu. Duk wannan bai ƙara wa Gwamnatin Jumayyil ƙarfi ba. Ran 6 ga Fabrairu 1984 rundunar da aka sha wahalar horarwa ta tsage, sojan da ke Shi'a suka ƙi harbin 'yan'uwansu, mayaƙan Shi'a da Duruz suka karɓe yammacin Bairut. Kashegari Reagan ya ba da umurni a mai da Marin cikin jiragensu. Ba a kira abin janyewa ba, an ce sāke wuri ne. Ingilishi da Italiyawa da Amurkawa suka fita cikin Fabrairu, Faransawa suka bi su a ƙarshen Maris.

To, duniya tana kallo. Masu neman hanyar yaƙar wanda ya fi su ƙarfi suka yi lissafi: mutum biyu da mota biyu, cikin wata biyar ƙasashe huɗu sun tashi. Ba su tsaya duba cewa rushewar sojan Gwamnati da gajiyar mutanen Amurka suna cikin dalilan tashin ba. Abin da ya fi sauƙin koyo shi suka koya. Cikin 1987 'yan tawayen Tamil na ƙasar Siri Lanka, waɗanda ba Musulmi ba ne ma, suka tura motarsu ta farko cikin sansanin soja. Daga nan abin ya yi ta yaɗuwa ƙasa ƙasa, ya tashi daga kan bariki ya koma kan kasuwa da tasha da masallaci da coci. Cikin 2011 ya iso mana, a hedkwatar 'yan sanda da ke Abuja cikin Yuni, sa'an nan a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya cikin Agusta. Abin da ya biyo baya a Maiduguri da Kano da sauran garuruwanmu, mai karatu ya fi ni sani.

Su mutanen Labanan kuwa tafiyar baƙi ba ta kawo musu sauƙi ba. Yaƙi ya ci gaba shekara shida da ɗoriya, har Shi'a suka yaƙi Shi'a, Kirista suka yaƙi Kirista. Sai cikin 1989 sauran 'yan Majalisarsu da suka rage da rai suka taru a birnin Ɗa'ifa na ƙasar Saudiyya, suka sāke rabon kujeru, Kirista rabi Musulmi rabi, aka rage ikon Shugaban Ƙasa aka ƙara wa Firayim Minista da majalisarsa. Bindiga ta yi shiru cikin 1990, bayan an yi hasarar rayukan da a ke ƙiyastawa tsakanin 120,000 da 150,000. Sojan Isra'ila sun zauna a kudu har 2000, na Siriya ba su fita ba sai 2005. Ƙidayar jama'a kuwa, ta 1932 ɗin nan ita ce ta ƙarshe da aka yi.